Yadda ake kutsawa cikin tayi a wasan birij, da yadda ake matse mai gadin ƙofa biyu

Mu huɗu ne muke zama duk Lahadi bayan la'asar a barandar wani gida a Agege, da karta da takardar lissafi da butar shayi. Mai gidan, wanda muke kira Baba, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Apapa ne, can ya koyi birij a hannun wasu Indiyawa da suka yi aiki tare. Ni daga Obalende nake tasowa, ranar da gadar Third Mainland ta cushe sai in tarar an raba karta ana jirana. Ba ma sa ko sisin kwabo. Na faɗi haka tun da wuri domin a wajenmu da an ga karta sai a ce caca, alhali birij wasan lissafi ne, har a gasar wasannin Asiya ta 2018 a Jakarta an buga shi.

Wannan bayani na wanda ya riga ya san tushen wasan ne: mutum huɗu, Arewa da Kudu a kan Gabas da Yamma, kowa da kati 13, ana tayi a sayi kwangila, sannan a buga. A teburinmu gidajen karta su ne ganye ♣, daimon ♦, zuciya ♥ da shebur ♠, daga ƙasa zuwa sama, sai “babu yanka”, wato NT, a bisansu. As (A) maki 4 ne, sarki (K) 3, sarauniya (Q) 2, jak (J) 1, duka kartar 40. Hannun da ake bajewa a kan tebur shimfiɗa muke ce masa. Abin da Turawa ke kira dobul, ninki ne a bakinmu. Wanda ya taya 4♠ ya hau hawa na huɗu, ya yi alkawarin ci goma, tunda shida na farko ba a ƙirga su.

Abu biyu zan nuna, kuma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Duk abin da mutum ya faɗa a wajen tayi, kunne uku ne suka ji, biyu daga ciki na abokan hamayya ne. Wanda ya iya sauraro, da wannan maganar zai matse mai ita idan an zo bugu.

Mataki na farko: dubi launi kafin ka dubi hannunka

A tsarin lissafin da Harold Vanderbilt ya fito da shi a 1925 aka shigo da zancen ja da fari, wato matsayin kowane ɓangare a lissafin wannan rabon. Idan kuna ja, ribarku ta fi yawa, faɗuwarku ma ta fi zafi. Ka haddace waɗannan kamar lambar wayarka. Wanda ya taya 4♥ ko 4♠ ya cika, 420 ne a fari, 620 a ja. Wanda aka ninka ya faɗi, a fari 100 ne, 300, 500, 800; a ja 200, 500, 800, 1100.

Daga nan ake sanin iyakar asarar gangan. Sun taya 4♥, ka tabbata za su cika, kai kuma kana da shebur. Idan su ja ne ku fari, ko da ci uku kuka faɗi a 4♠ an ninka, 500 ne a madadin 620, kun ci riba. Launi ɗaya, ci biyu ne iyakarku. Ku ja su fari, ci ɗaya tak, domin na biyun ya kai 500, ya haura 420.

A ƙananan kwangiloli ma haka abin yake. Suka cika 2♥, 110 ne. Ka hau 2♠ ka faɗi da ɗaya ba ninki, 50 ko 100 ka biya, ka rage asara. Wanda za ka kiyaya shi ne 200, wato faɗuwa ɗaya a ja an ninka, ko biyu a ja ba ninki. Ya fi duk wata ƙaramar kwangila da za su iya cikawa tsada.

Mataki na biyu: kutse

An buɗe tayi a damanka, kana so ka sa baki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen cinikin shanu a Oko-Oba ya san ba kowane mai tayi ne mai saye ba, wani don ya ɗaga kuɗi yake yi. A nan ma dalili uku ne ke sa a kutsa: ka sayi kwangilar, ka nuna wa abokinka gidan da zai fara fitowa da shi, ko ka cinye musu fili. 1♠ a kan 1♣ ya hana su faɗin daimon da zuciya a hawa na ɗaya. 1♦ a kan 1♣ bai tare komai ba, saboda haka sai da hannu na gaske.

A hawa na ɗaya kati biyar masu kyau da maki 8 zuwa 16 sun isa. A hawa na biyu kana bukatar hannun da ya kusa isa buɗe tayi, gidan kuma ya fi kyau ya zama shida. Ga awon da nake yi: ƙirga tsawon gidan, ka ƙara manyan da ke ciki daga as zuwa 10. Jimillar ta kai yawan cin da kake tayawa. ♠ K Q 10 8 3 biyar ne da manya uku, takwas ke nan, ya isa har hawa na biyu. ♠ J 8 6 4 2 shida ya ba da, bai isa ko hawa na ɗaya ba, ko da kana riƙe da maki 13 a sauran gidaje. Na sha ganin mai maki 13 ya kasa haƙuri ya kutsa da irin wannan, abokinsa ya fito da sarkin shebur daga K da ƙarami, aka yi kyautar ci tun a zagayen farko. Da mugun rawa gara ƙin tashi.

Kutsen 1NT kuwa maki 15 zuwa 18 ne, da mai tsaron gidan da suka buɗe.

Mataki na uku: ninkin da ba na horo ba

An buɗe 1♥, kana riƙe da ♠ K J 7 4, ♥ 5, ♦ A Q 6 2, ♣ K 9 8 3. Maki 13, ba gida mai biyar. Ka ce ninki. Ma'anarsa: ina da ƙarfin buɗewa, zuciyata gajera ce, zaɓi ɗaya cikin sauran ukun. Gajartar ta fi makin muhimmanci. Mai zuciya uku ko huɗu da maki 13 a baje, shiru ya fi masa.

Abokinka dole ya amsa idan na gaba ya wuce. Maki 0 zuwa 8, ya faɗi gidansa mafi tsawo a hawa mafi araha. 9 zuwa 11, ya tsallake hawa ɗaya. 12 zuwa sama, ya taya gidan abokan hamayya ko ya tafi gem kai tsaye, wato kwangila mai babban lada irin 3NT, 4♥ ko 4♠. Ƙanena da muke wasa tare ya daɗe yana wannan kuskure: in hannunsa fanko ne sai ya wuce, wai ba shi da abin faɗa. Rannan Baba ya ajiye kofi ya ce masa, “Yaro, wanda ba shi da komai shi ne ya fi kowa bukatar gudu. Ka bar su a 1♥ an ninka, da me za ka kayar da su?” Ba a wucewa sai da tarin katin gidansu masu ƙarfi, kamar ♥ Q J 10 9 6.

Akwai ɗan'uwansa da mai amsa wa mabuɗi ke yi. Abokinka ya buɗe 1♣, aka kutsa da 1♠, kai kuma kana da zuciya huɗu da maki 7, ba ka isa hawa na biyu ba. Ninki a nan yana nufin “zuciya huɗu gare ni”. Alvin Roth da Tobias Stone ne suka yaɗa shi a Amurka a 1957, aka yi masa laƙabi da Sputnik, sunan tauraron da Tarayyar Sobiyet ta harba a shekarar.

Mataki na huɗu: ƙirga katin yanka, ba maki ba

Nan ne gishirin. Idan ƙarfi ya rabu kusan daidai, 20 da 20 ko 18 da 22, maki ba ya gaya maka inda za ka tsaya. Wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya bi hannayen gasar duniya ya gano wani abu, aka buga shi a mujallar The Bridge World a 1969. Haɗa katin gidan da kuka fi tsawo ku biyu da katin gidan da suka fi tsawo su biyu. Jimillar ta yi kusan daidai da cin da za ku samu in kun buga a gidanku, haɗe da cin da za su samu in sun buga a nasu. Matsar da sarki guda daga Gabas zuwa Yamma yana ƙara wa wani ci ya rage wa wani, jimillar dai tana nan.

Mu gwada. Kuna da shebur tara, suna da zuciya takwas, 17 ke nan. Sun hau 3♥. In za su ci tara su cika, ku takwas za ku ci: 3♠ ya faɗi da ɗaya, 50 ko 100 a madadin 140. In takwas za su ci, ku tara ne, 3♠ ya cika kun rubuta 140. Ta kowace fuska hawa ya fi. Yanzu rage shebur ɗinku ya koma takwas, jimilla 16. Abin da ya fi faruwa shi ne takwas da takwas, wato duk wanda ya hau hawa na uku ya faɗi. Ka bar su su faɗi.

Abin da za ka riƙe a aikace gajere ne: ku taya ci daidai yawan katin yankanku. Takwas, hawa na biyu. Tara, na uku. Goma, na huɗu. Abokinka ya kutsa da 1♠, biyar gare shi aƙalla, kai kuma ga ♠ J 9 6 4 2, ♥ 5, ♦ Q 8 7 3, ♣ 10 6 2. Maki uku kacal. Ka ce 4♠ nan take, in ba ku ne ja su fari ba. Ka bar su su yi ta canki-canka a hawa na biyar. To, in tsalle na mai rauni ne, yaya mai ƙarfi zai yi? Ya taya gidan abokan hamayya. An buɗe 1♥, aboki ya ce 1♠, kai ka ce 2♥: ina da goyon baya da maki 10 ko fiye.

Ba aya ba ce, tana kuskurewa da ci ɗaya sau da yawa. Rage ɗaya idan hannunka a baje yake, 4-3-3-3, ko kana riƙe da sarauniya da jak a gidansu, domin waɗannan a tsaro suke cin abinci, a kwangilarka ba su da amfani. Ƙara ɗaya idan kun dace a gida biyu, ko akwai gidan da ba ka da ko ɗaya.

Mataki na biyar: faɗi sau ɗaya, ka kama bakinka

Mai hawa 2♠, a tura shi ya ce 3♠, a sake turawa ya ce 4♠, ya ba su fili sun gama fahimtar juna, ga shi kuma ya tsaya inda za a ninka shi. Kai tsaye ka je inda za ka, sauran shawara ta abokinka ce. In kun tura su hawa na biyar, aikin ya yi, ku tsaya ku kare. Na fi yin nadamar 5♠ a kan 5♥ fiye da kowane tayi.

Akasin haka shi ne kujerar ƙarshe. Sun ce 1♥, 2♥, suka yi shiru, in ka wuce an sallama musu. Tsayawarsu ta nuna ƙarfinsu bai wuce rabi da ɗan kai ba, kuma in sun dace a gida, galibi ku ma kun dace a wani. Ari sarki guda daga hannun abokinka, wato ka ƙara wa kanka maki uku, ka yi ninki ko ka faɗi gidanka. Shi kuma ya tuna an ara, ya cire ukun nan kafin ya ɗaga ka.

Saura tayin gida biyu. Tsallen 2NT a kan buɗewarsu yana nuna biyar da biyar a gidaje biyu mafi ƙasa da ba a taya ba. Tayin Michaels, wato ka maimaita gidan mabuɗi, yana nuna zuciya da shebur in ganye ko daimon aka buɗe. In zuciya ko shebur aka buɗe, ɗayan babban gidan ne da wani ƙarami. Suna da daɗin faɗa. Amma ka karanta wa kowa kati goma cikin sha ukunka, in ba ku sayi kwangilar ba kun ba mai ita taswira. Baki shi ke yanka wuya, ga yadda yake yankawa.

Matsi

Ba'amurken nan Sidney Lenz ne ya aro wa dabarar suna daga wasan besbol, suna ce mata sukwiz. Mu matsi muke cewa. Mutum ɗaya yana gadin gida biyu, ka buga katin da ba shi da irinsa, dole ya yar da wani abu, duk wanda ya yar kuwa ƙofa ta buɗe. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ɗauko karta ka jera wannan, kati uku suka rage, ba yanka, Kudu ne da fita:

Arewa: ♠ A J, ♥ K
Yamma: ♠ K Q, ♥ A
Kudu: ♠ 4, ♥ 2, ♣ A

Na Gabas ba su da tasiri. Ci biyu ne a fili, as biyu. Kudu ya buga ♣A. Yamma ne ke biye, kafin Arewa. Ya yar da ♥A, sai Arewa ya yar da ♠J, a shiga da ♠4 zuwa as, a ci ♥K. Ya yar da ♠Q, sai Arewa ya yar da ♥K, as ya kayar da sarki, jak ya ci. Uku duka.

Sharuɗɗa huɗu ne suka haɗu a nan, kamar yadda Clyde Love, malamin lissafi a Jami'ar Michigan, ya tsara su, kuma su za ka riƙa dubawa a kowane hannu.

Na ɗaya, mutum guda ne ke gadin gidajen biyu. ♠J da ♥K su ne barazana, katin da bai ci ba tukuna amma zai ci in mai gadi ya saki. In Gabas na gadin ɗaya Yamma na gadin ɗaya, kowa ya riƙe nasa, ba matsi.

Na biyu, saura ci ɗaya tak ka rasa. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa. Ƙara wa kowa daimon guda a misalin nan, babban yana hannun Gabas. Yanzu kati huɗu ne, ci biyu gare ka. Ka buga ♣A, Yamma ya yar da daimon ɗinsa ko a jikinsa. Kati ɗaya na banza ya ishe shi numfashi. Maganin shi ne ka ba su cin da dole za su ci tun da wuri. Kana neman 12 kana da 11, ba da ɗaya. Kana 3NT kana da takwas, sai an ba da huɗu. Daidaita lissafi ke nan, kamar mai ɗaure buhun albasa a Mile 12, sai ya girgiza ya zauna kafin igiya ta kama.

Na uku, aƙalla barazana ɗaya ta kasance a hannun da ke bugawa bayan wanda ake matsewa. Mayar da katin Yamma hannun Gabas ka gani: yanzu Arewa ne zai fara yarwa, Gabas na kallo, abin da Arewa ya saki shi ma ya saki. Matsin ya mutu. Amma raba barazanar, ka dawo da ♥K hannun Kudu a madadin ♥2, ka ba Arewa wani ƙaramin daimon. Arewa na da abin yarwa na banza, kuma ko Gabas ko Yamma ne mai gadin, ya shiga uku.

Na huɗu, ƙofa. ♠4 da ♠A su ne hanyar isa ga barazanar da ke ɗaya hannun. Ka ci ♠A da wuri, ka rushe gadar da kanka.

Hannun da ya koya mini

Muna ja, suna fari, ina Kudu, Baba na Yamma.

Arewa: ♠ Q 9 2, ♥ K 6 3, ♦ A K 7 4, ♣ 6 3 2
Kudu: ♠ A K J 10 6 3, ♥ A 4, ♦ 5 2, ♣ A J 5
Yamma: ♠ 7, ♥ 8 2, ♦ Q J 10 9 3, ♣ K Q 10 9 4
Gabas: ♠ 8 5 4, ♥ Q J 10 9 7 5, ♦ 8 6, ♣ 8 7

Na buɗe 1♠. Baba ya ce 2NT, daimon da ganye. Abokina ya ce 3♦, wanda a yarjejeniyarmu goyon bayan shebur ne mai ƙarfi. Na tambayi as da 4NT, ya amsa 5♦, guda ɗaya, na ce 6♠. Akwai son zuciya a tayin, na yarda. Baba ya fito da ♣K.

Ga yadda ake tunaninsa, bi da bi. Fara da ƙirga ci: shebur shida, zuciya biyu, daimon biyu, ganye ɗaya, 11. Ana neman 12. Sai ka tambayi kanka wa ke gadin me. Tayin ya riga ya amsa. Yamma na da daimon biyar, mu muna da shida, Gabas biyu ke nan, za su faɗi ƙarƙashin as da sarki, saboda haka Yamma kaɗai ke iya tare ♦7. Fitowa da ♣K kuma ta nuna sarauniya na wajensa, shi kaɗai ke tare ♣J. Sharaɗi na ɗaya ya samu. Barazana ɗaya a Arewa, ɗaya a Kudu, na uku ya samu. Ƙofa, ♦K. Saura lissafi: ci 13 ne a gaba, ina da 11, biyu na rasa ba ɗaya ba.

Don haka ka bar masa ♣K, ka sa 5. Riba biyu ce. Lissafi ya daidaita, kuma in ya sake ganye ya faɗo cikin A J, ci na 12 ya zo a ɓagas.  

Baba ya juya ♦Q. Ka ci da as. Shebur sau uku, as, sarki, sannan ƙarami zuwa sarauniya, na Gabas sun ƙare. ♥K, ƙarami zuwa ♥A. ♠J, ♠10, shimfiɗa ta yar da ♥6 da ♦4. An buga tara, ga abin da ya rage:

Arewa: ♦ K 7, ♣ 6 3
Yamma: ♦ J 10, ♣ Q 10
Kudu: ♠ 6, ♦ 5, ♣ A J

A nan na yi ɓarna ranar. Na dubi ♠6, shebur na ƙarshe, na ji ba zan iya rabuwa da shi ba, kamar mai rowar canjin ƙarshe a aljihu. Na tafi ♦K, na yanke ♦7 da shi, na buga ♣A ina addu'a. Baba ya sa 10, ya ci na ƙarshe da sarauniya. 1430 da za mu samu ya koma 100 a takardarsu. Ana tattara karta aka ɗauke wuta, ya haska fitilar waya ya sake jera katin huɗun nan. “Malam, wa kake ajiye wa wannan shebur ɗin? Buga shi ka ga abin da zan yi.” Na ce, “Baba, ai shi ne ya rage mini.” Ya ce, “Shi ne wuƙar.”

Buga ♠6. Yamma na da huɗu, dole ya koma uku, gaba kura baya sayaki. Shimfiɗa ta yar da ♣3 ko me ya yi. Ba ka ma bukatar ƙirga katinsa, ido ɗaya za ka sa wa ♣Q. Ci ♣A. In sarauniya ta faɗo, jak ya ci, ♦K ya rufe. In ba ta faɗo ba, ya riƙe ganye biyu ke nan, daimon ɗinsa ɗaya ya rage: ♦5 zuwa sarki, ♦7 ya ci na 12.

Da Baba ya yi shiru a wajen tayi, da wataƙila na lalubo hanyar, tunda ♣K ya riga ya tona sarauniya, amma da ban san daimon huɗun shimfiɗa na da wani amfani ba, da na yar da su tun a shebur na huɗu. Shi da kansa ya ce maki takwas da abokin da bai ce uffan ba tukuna, tayin bai yi laifi ba a fari. Na yarda da shi rabi.

Tarko guda da za ka kiyaya

Wani lokaci babban katinka ne ke toshe barazanarka. A ce shimfiɗa na da ♥A da ƙarami, kai kana da ♥Q da ƙarami, sarki na Gabas, kuma shi ke gadin wani gidan da barazanarsa ke shimfiɗa. In ka yi ta zuba dogon gidanka, shimfiɗa ce za ta fara ƙuntata kafin Gabas. Ci ♥A tun da wuri. Kamar ka naɗa sarkinsa ne da hannunka, amma yanzu sarauniyarka ta zama barazana mai zaman kanta a bayansa. Sunan birnin Biyana na Ostiriya aka sa wa wannan dabara, tun zamanin wasan wist da ya haifi birij.

Idan kai ake shirin matsewa

Ka ga mai kwangila ya bar maka ci ba dalili, to ba kyauta ba ce, lissafi yake daidaitawa. Abu uku ke hannunka. Kada ka yi gaggawar cin abin da ba zai gudu ba, domin kowane ci da ka karɓa yana ɗaure igiyar. Ka kai hari kan ƙofa, ka buga gidan da barazana mai mashiga take har as ɗin ya fita da wuri. In kuma kana da kati a gidan da abokinka ke gadi, ko 8 ne ko 9, kada ka yar da shi don ka ga ƙarami ne, wataƙila shi zai sauke masa gadin gida ɗaya. In matsin ya riga ya kama, yar da katinka ba tare da dogon tsaki da jinkiri ba, ka riƙe gadin barazanar da kake gani a shimfiɗa, ka saki wadda kake zato a ɓoyayyen hannu, ko Allah zai sa tana wajen abokinka.

Kafin Lahadi mai zuwa, jera hannun nan na 6♠ a kan tabarma ka buga shi sau uku. Na farko yadda yake. Na biyu ka musanya katin Gabas da na Yamma daga zagaye na biyu, ka ga ko matsin zai kama. Na uku ka mayar da ♦8 hannun Yamma, ka ba Gabas ♦J da ♦3 a madadinsa, ka karɓi ♥5 daga Gabas ka ba Yamma, yadda daimon zai rabu huɗu da uku, sannan ka nemo abin da za ka fara yi kafin ♦7 ya koma wuyan mutum ɗaya.